Yadda Ake Tsara Cikin Gidan Abinci Ya Daɗe Bai Tsufa Ba a Ƙasar Zafi da Ƙura

Duk wanda ya saba cin abinci a waje a Garwa, ko Marwa, ko Kuseri, ko Njamena, ya san gidan abincin da aka buɗe yana ƙyalli, da labule masu nauyi da furannin roba da silin mai ado, amma kafin damina biyu ta wuce ya koma kamar ya shekara goma. Sau da yawa mai gidan ya kashe kuɗi sosai, sai dai ya zuba su a kan abubuwan da rana da ƙura da hannun jama'a suke fara cinyewa. A wannan yanki namu na arewacin Kamaru da Cadi ana bin tsari ne daga abin da ba a iya sauyawa cikin sauƙi, wato rufi da daɓe da hanyar iska, sannan a gangaro zuwa ado, wanda ya kamata ya zama mai araha, mai sauƙin cirewa a sa wani.

Kafin a kira magini ko kafinta, ya dace mai gida ya ɗauki kujera ya zauna a cikin ɗakin sau uku a yini guda: da hantsi, da azahar, da kuma bayan la'asar. Zai ga inda rana take faɗowa, da kusurwar da iska ba ta kaiwa, da bangon da yake ci gaba da fitar da zafi bayan magariba. Bangon yamma shi ne babban abokin gaba, domin a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Garwa da Njamena, rana tana dukansa tun daga azahar har faɗuwarta, shi kuma ya riƙe zafin ya sake shi a daidai lokacin da masu cin abincin dare suke shigowa. Idan ƙofar gidan tana kallon yamma, a yi mata rumfa mai faɗi, ko a dasa darbejiya a gabanta, irin wadda ta yi wa titunan Marwa inuwa. Itacen zai ɗauki 'yan shekaru kafin ya yi amfani, saboda haka a fara da rumfar zana, wadda ake iya sabuntawa duk shekara da kuɗi kaɗan.

Rufin kwano ba tare da silin ba tanda ce kawai. A sa silin, a bar tazara tsakaninsa da kwanon, kuma a buɗe ƙananan kafofi a gefe biyu na wannan tazarar, a rufe su da raga, domin iskar da ta yi zafi ta sami mafita. Idan ana ginin ne daga tushe, a ɗaga silin ya kai mita 3 ko fiye. Fankar sama tana bukatar fikafikanta su yi nisan aƙalla mita 2.3 daga ƙasa, kuma a rataye ta a kan wurin zama, a kauce wa sa ta daidai ƙarƙashin ƙwan lantarki, domin inuwar fikafikan tana wulgawa a kan tebur ta dami idon mai ci. Tagogi su kasance a bango biyu masu fuskantar juna. Wanda yake da halin sa na'urar sanyaya ɗaki ya keɓe mata ƙaramin ɗaki guda mai ƙofa da take rufuwa sosai, ya bar babban zauren ga fanka da iskar Allah, saboda ranar da wuta ta ɗauke, zauren da aka toshe tagoginsa ba ya zaunuwa ko na minti goma. Ngaundere ce kaɗai za a ɗan sassauta wa wannan magana, tun da tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1000 daga matakin teku, kuma damuwarta ta fi karkata ga ruwan sama da laima.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas da hazo mai laushi kamar gari, wanda yake shiga ko ta ramin makulli. A nan ne yawancin adon zamani yake faɗuwa. Duk wani abu mai lungu da saƙo, kamar silin mai hawa-hawa, da fitila mai tarin gilasai, da furen roba, da labulen karan-miski, matattarar ƙura ce, kuma idan ƙurar ta haɗu da tururin mai daga kicin sai ta zama danƙo wanda tsumma ba ya cirewa. Ma'auni mai sauƙi shi ne mai gida ya tambayi kansa ko yaron shago zai iya goge abin da jiƙaƙƙen tsumma cikin minti ɗaya ba tare da ya hau tsani ba. Idan ba zai iya ba, to a haƙura da shi komai kyansa. Labulen atamfa mara nauyi, wanda ake cirewa a wanke a shanya ya bushe kafin azahar, ya fi dacewa, kuma a ɗinka biyu domin a riƙa musanyawa.

Daɓe shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba, domin sake shi yana nufin rufe gida da fitar da kaya duka. A zaɓi tayil mai ɗan kaushi, wanda ba ya santsi idan ruwa ya zube, mai launin ƙasa ko toka-toka. Fari fes yana nuna sawun kowane takalmi, baƙi wuluk kuma yana nuna ƙura fiye da farin ma, abin da mutane da yawa ba sa yarda da shi sai sun gani da idonsu. Simintin da ake cike tsakanin tayil ya zama mai duhu tun farko, tun da ko an sa fari, miya da ruwan wanki za su mai da shi baƙi. A umarci magini ya ɗan karkata daɓen zuwa ƙofa ko magudana, yadda ruwan wankin dare zai fita da kansa. Mazauna Njamena da Kuseri, waɗanda suke gaɓar kogunan Shari da Logon, ba sa bukatar a tuna musu da ambaliyar 2022 da ta 2024; a irin waɗannan garuruwa a ɗaga daɓen sama da titi da matakala biyu ko uku, a kuma ɗaga soket-soket na lantarki su yi nisa da ƙasa. A sayi tayil fiye da bukata da kamar kashi goma cikin ɗari a ajiye, saboda irin da ake samu a kasuwa bana da wuya a same shi baɗi.

Bango ana raba shi biyu. Daga ƙasa zuwa kamar mita 1.2, inda bayan kujera yake gogawa, yara kuma suke dafawa da hannun miya, a sa fentin mai ko tayil. Daga nan zuwa sama a sa fentin ruwa mai haske, wanda ake iya sabuntawa cikin yini guda. Sabon yaɓen siminti yana bukatar kusan mako huɗu ya bushe kafin a shafa masa fenti, kuma gaggawar buɗe gida ce take sa a ga fenti yana kumbura yana ɓarewa bayan 'yan watanni. Idan ƙasan bango yana fitar da wani farin gari kamar kanwa, laima ce take hawowa daga tushe, kuma fenti ba ya maganinta. Sai an gyara magudanar da take bayan bangon. Game da launi, launi biyu sun isa, na uku kuma ya fito daga labule da kayan ado. Ruwan ƙasa mai haske da ruwan madara suna jure ƙura, shuɗi da ja masu ƙarfi kuwa rana tana koɗe su da wuri a bangon da take dukansa.

Wajen kujeru da tebura akwai awo da kafintoci suka sani: tebur santimita 75 daga ƙasa, mazaunin kujera 45, kowane mai ci a ba shi faɗin santimita 60, hanyar da mai kawo abinci yake bi da faranti kuma kada ta gaza 90. Kwaɗayin ƙara tebur ɗaya shi ne yake sa gida ya cushe, mutane su ci a tsaitsaye su tafi. Katakon da ake kawowa daga kudancin Kamaru yakan iso da sauran danshi, idan rani ya kama shi sai ya tsage ko ya lanƙwashe, saboda haka a tabbata ya bushe kafin a yi aiki da shi, a kuma shafa masa maganin gara. Ƙafafun ƙarfe daga wurin mai walda, da saman katako mai kauri, su suka fi daɗewa. Kujerun roba suna da amfani a rumfar waje, amma idan ana barinsu a rana sukan bushe su karye.

Akwai abin da masu kwaikwayon hotunan intanet suke mantawa, wato yadda mutanenmu suke cin abinci. Masu zuwa cin gasasshen kifi ko tsire sukan zo a ƙungiya su ci daga tire ɗaya, kuma dattijai da yawa sun fi sakewa a ƙasa. Dakali mai faɗi a gefe guda, da tabarma ko darduma da 'yan matasai, yana ɗaukar mutane fiye da tebura biyu, kuma kuɗinsa bai kai nasu ba. Haka nan a keɓe wa iyali da mata wani sashe da asabari ko katangar katako mai tsawon kafaɗa, wadda take suturta mutum ba tare da ta tare iska ba. Wurin wanke hannu ya kasance a fili kusa da ƙofa, da tayil a bayansa da sabulu, nesa da ƙofar banɗaki. Idan akwai sarari, a tanadi ɗan wurin salla da butoci. Wurin gashi da murhu kuma a fitar da su waje ko a yi musu bututun hayaƙi da ya wuce tsayin rufi, domin babu fentin da yake jure hayaƙin gawayi.

Hasken lantarki yana sauya kamannin abinci. Farin ƙwan lantarki mai kama da na asibiti, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, yana sa nama ya yi fari-fari, miyar yakuwa ta yi duhu. A bar shi a kicin da wurin karɓar kuɗi. A wurin zama a nemi mai lamba 2700K ko 3000K, mai ɗan ja-ja. Ƙananan fitilu da yawa sun fi babba ɗaya a tsakiya, kuma a haɗa biyu ko uku da batirin sola.

Ado shi ne na ƙarshe, kuma kasuwa tana kusa. Marwa ta shahara da dukawa da masu sana'ar hannu, ƙauyen Gawi da yake kusa da Njamena kuma an san shi da tukwane. Faifai biyar ko bakwai a jere a bango ɗaya, ko sassaƙaƙƙun ƙore, ko babbar randa a bakin ƙofa da ruwan sanyi a ciki, sun ishi zaure guda. A zaɓi bango ɗaya a yi masa ado, a bar sauran su huta. Talabijin, idan dole ne saboda masu kallon ƙwallo, a kafa ta a ƙarshen zaure nesa da sashen iyali.

Sabuntawa tana da lokacinta. Fenti ya fi kamawa a ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, kafin hazo ya sauka ya manne a ɗanyen fenti. Aikin da yake bukatar ma'aikata da rana, kamar gyaran daɓe ko walda, a ajiye shi zuwa watan azumi, lokacin da cinikin rana yake raguwa a unguwannin Musulmi, a kammala da la'asar a share kafin buɗa-baki. Kafin damina, wajen Mayu, a hau rufi a duba ƙusoshi da indararo, domin tabon yoyo a silin yana tsufar da ɗaki fiye da komai. Kowace shekara a sabunta fentin saman bango, da zanar rumfa, da rigunan matasai, da ledar tebur. Labule da adon bango a sauya su bayan shekara biyu ko uku, a bar launin gidan da sunansa yadda abokan ciniki suka san su. A rubuta suna da lambar kowane fenti a littafin shago, a ajiye ragowar gwangwanin a inuwa an rufe shi sosai, tare da tayil ɗin da aka rage, domin ranar da ƙafar tebur ta fasa guda ɗaya, magini ya cire shi ya sa ɗan'uwansa kafin masu cin abincin rana su fara shigowa.