Yadda Ake Juye Baƙin Man Babur

Tambayar yadda ake juye baƙin man babur ta yi yawa, to ga amsa. Babur ɗin da ake so ya daɗe yana tafiya, baƙin mai ne ransa.

1. Ta da injin na minti 3 don man ya saki.
2. Kashe shi.
3. Kafe babur ɗin ya tsaya daidai.
4. Ajiye roba a ƙasan injin.
5. Kwance notin ƙasa, man ya tsiyaye tas.
6. Mayar da notin. Hattara, nan ake ɓarna: in ka ɗaure da ƙarfin tsiya, zaren zai lalace.
7. Zuba sabon mai gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Guji na mota, yakan sa kuloci santsi.
8. Duba ma'auni, kada ya wuce layin sama.
9. Rubuta kilomitar da ka juye.