Yadda za ka haɗa sifikar Bluetooth ta mota da wayarka

'Yan uwana direbobi, musamman mu masu bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega har Yauri, don Allah ku ɗan saurare ni. Kwanaki na ɗauko albasa daga Aliero, waya ta yi ƙara, na tura hannu aljihu ina lalube, kafin in ɗago kai sai ga shanu sun hau kwalta, wallahi Allah ne kawai ya tsare. Washegari na sayi 'yar sifikar nan mai Bluetooth da ake maƙalawa jikin abin tare rana na saman gilashin gaba, girmanta bai wuce tafin hannu ba.

In ka sayo kar ka yi gaggawa, fara sa ta caji ta cika, kamar awa biyu zuwa uku. Sai ka danne babban madannin ka riƙe, kar ka saki da ta kunnu, ci gaba da riƙewa har ka ga wuta tana ƙyaftawa, yawanci shuɗi da ja, to a nan ne take neman waya. Nan mutane da yawa ke kuskure, su saki da wuri su ce kayan jabu ne. Ka shiga setin na wayarka, Tecno ce ko Infinix ko Itel duk ɗaya, ka kunna Bluetooth, sunan sifikar zai fito sai ka taɓa shi. In ta nemi lamba gwada 0000, in ta ƙi 1234. Shi ke nan, gobe da ka kunna ta da kanta za ta kamo wayar.

Maƙala ta saitin bakinka, ba ɓangaren fasinja ba, kuma in kira ya shigo ɗan ɗaga gilashi ka rage rediyo don iska na shiga makirfon ɗin, kai kana jin mutum ras shi kuwa huuu kawai yake ji.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Wagga aba kowa na cikin mota yana jin maganar, to da ka ɗauka ka ce "Alhaji ina tuƙi, kana kan sifika akwai mutane," kafin bawan Allah ya fara zancen kuɗi ko uwargida ta kawo maganar cikin gida gaban fasinja. Kuma hannu ta sakar maka ba hankali ba, in ciniki ne mai tsawo ko labarin da zai tada maka rai, samu wuri ka faka ku gama.

In ka sauka shan shayi kusa da mota kashe sifikar, don tana kamawa har wajen mita 10, sai a yi ta kiranka kana halo halo muryar na can cikin mota. Kar kuma ka bar ta a rufaffiyar mota da zafin Afrilu, batirin kumbura yake yi, ni cirewa nake in jefa aljihu.