Yadda Tela Zai Lissafa Ɗinkin da Zai Karɓa Kafin Sallah

Duk shekara, azumi na kai goma za ka ga shagunan teloli daga Ƙofar Ƙaura har cikin Babbar Kasuwar Katsina sun cika da shadda, leda kan leda. Ana gobe Sallah kuma sai rigima: mai kaya na tsaye a bakin shago, tela ya kashe waya. Jama'a su ce teloli ba su da alƙawari. Ni da na daɗe ina riƙe wa yayana littafin shagonsa, na san yawancinsu ba da gangan suke yi ba. Da ido suke karɓar aiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan rashin barci da ɓacin ran mutane, kuɗin da ke shiga aljihu ba ya kai yadda ya kamata.

Akwai lissafin da aka ƙirƙiro domin irin wannan matsala, wato yadda za a raba abin da ke da iyaka a samu amfani mafi yawa. A 1938 wata masana'antar falankin katako a birnin Leningirad na Rasha ta kai wa wani masanin lissafi, Liyonid Kantorobich, tambaya: wane inji za a ɗora wa wane aiki don a fi samun kaya? Daga nan ya fito da hanyarsa. A 1947 wani masanin lissafin, Joj Danzig, yana yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki, ya fito da dabarar warware irin wannan lissafi mataki-mataki, wadda har yau kwamfuta ke amfani da ita. Kantorobich ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. A jami'a suna kiran fannin liniya firogiramin. Tambayar masana'antar katakon nan ita ce tambayar tela, bambancin kawai girman shago.

Zan yi amfani da misali. Alƙaluman na koyarwa ne, kai sai ka sa naka.

Mataki na farko: ƙirga awannin da kake da su da gaske

Kada ka ƙirga daga buɗe shago zuwa rufewa. Cire lokacin salla, tafsiri, buɗa-baki, awon kwastoma, zuwa sayen zare, da lokacin da aka ɗauke wuta. A ce saura kwana 20. Mutum biyu ne ke kan keken ɗinki, kowanne yana samun awa 6 ta aiki tsantsa a rana, jimilla awa 240. Keken surfani guda ɗaya ne, shi ma awa 6 a rana, jimilla awa 120. Waɗannan lambobi biyu su ne jarinka na Sallah. Shadda ta mai kaya ce, lokaci ne naka.

A nan aka fi yaudarar kai. Yayana yakan ce, “Ai za mu kwana a shago.” Nakan ce masa, “Yaya, ɗinkin ƙarfe ukun dare shi ne wanda ake warwarewa da safe.” Ka rubuta abin da jiki zai iya ɗauka kwana ashirin a jere, ana azumi.

Mataki na biyu: auna abin da kowane kaya ke ci da abin da yake kawowa

Ka sa agogo, kada ka yi kintace. A misalinmu, kaftani da wando yana cin awa 3 a keken ɗinki, awa 1 a keken surfani. Babbar riga tana cin awa 4 a ɗinki, awa 4 a surfani. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan ka cire zare, maɓalli, sitati, guga da ladan yaron shago: a ce naira 6,000 a kaftani, naira 15,000 a babbar riga. Kuɗin haya kada ka sa shi a nan, don ko ka ɗinka ko ba ka ɗinka ba sai ka biya.

Mataki na uku: gwada bakin iyaka biyu

Duk telan da ya ga 15,000 kusa da 6,000 zuciyarsa za ta karkata ga babbar riga, musamman da yake masu zuwa kallon hawa a Ƙofar Soro ba su cika jayayya kan farashi ba. To mu gwada. In babbar riga kaɗai za ka karɓa, keken surfani zai tsayar da kai a guda 30. Riba 450,000, kuma awa 120 ta ɗinki ta tafi a banza, yara na zaune suna danna waya. In kaftani kaɗai ne, keken ɗinki zai tsayar da kai a guda 80. Riba 480,000, keken surfani ya yi hutun awa 40. Ka ga har kaftani zalla ya fi babbar riga zalla. Dalili kuwa a keken surfani yake: awa ɗaya a kan kaftani tana kawo 6,000, a kan babbar riga 3,750 kawai.

Mataki na huɗu: yi musaya har riba ta daina ƙaruwa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma da biro da takarda ake yinsa. Fara daga riguna 30. Cire guda ɗaya. Ka samu awa 4 a keken surfani, wadda za ta ɗauki kaftani 4. Ka rasa 15,000, ka samu 24,000, ƙarin 9,000 ke nan. Amma musayar tana da nata farashi a keken ɗinki: kaftani huɗu awa 12 ne, rigar da ka cire awa 4 ce, don haka kowace musaya tana cin ƙarin awa 8 daga cikin awa 120 ɗin da ke zaune. Raba 120 gida 8, ka samu 15. Musaya goma sha biyar za ka iya yi kafin keken ɗinki ya cika.

Sakamako: babbar riga 15, kaftani 60. Riba 585,000. Duba da kanka: ɗinki 180 da 60, awa 240 cif, surfani 60 da 60, awa 120 cif. Shagon bai sauya ba, mutanen ba su sauya ba, kwanakin ma haka, amma tsakanin wannan da tsarin babbar riga zalla akwai naira 135,000.

In kayanka sun wuce iri biyu, a ce har da jamfar yara da ɗinkin mata, hannu zai gaji. A nan sai ka nemi mai kwamfuta. A cikin manhajar lissafi ta Excel akwai wani sashe mai suna Solver, ana zuba masa riba da awanni ya fitar da amsa nan take. Ɗalibin lissafi ko na tattalin arziki daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman zai iya tsara maka shi sau ɗaya, kai ka riƙa sauya lambobi.

Mataki na biyar: tambayi lissafin nawa ƙarin awa ɗaya ta kai

Wannan ne ya fi burge ni, don shi ke raba gardamar janareta. A ce ka ƙara wa keken surfani awa 8. Sake lissafi, za ka samu kaftani 56 da babbar riga 18, riba 606,000. Ƙarin 21,000, wato 2,625 a kowace awa. In fetur da ladan mai surfani na awa ɗaya ba su kai haka ba, tayar da janareta. In sun wuce, bar shi. Yi wa keken ɗinki irin wannan ƙari na awa 8: kaftani 64, riga 14, riba 594,000. Ƙarin 9,000 ne kawai, 1,125 a awa. To in kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, ka san inda za ka sa shi. Sau da yawa tela yakan ɗauko ƙarin yaro alhali keken surfani ne ya shaƙe shagon.

Mataki na ƙarshe: sa abin da lissafi bai sani ba, sannan ka rufe karɓa

Lissafi bai san cewa kaftani 50 kawai za a kawo maka ba. In haka ne sai ka sa wannan iyaka, ragowar awannin surfani su ɗauki babbar riga 17. Bai san rigar surukinka ko ta limamin unguwa ba, waɗanda ba a mayar da su. Cire awanninsu tun farko, ka yi lissafi da abin da ya rage. Sannan ka ware kwana biyu cikin ashirin ɗin don zazzaɓi, karyewar allura da gyaran wuyan da bai zauna ba.

Daga nan sai ka ja layi biyu a littafi, ɗaya na kaftani ɗaya na babbar riga, ka rubuta adadin kowanne a sama. Duk kayan da ya shigo ka soke lamba ɗaya. Ranar da layi ya cika, ka gaya wa mai kaya gaskiya tun yana da lokacin neman wani tela: “Alhaji, ka yi haƙuri, babbar riga ta cika. In kaftani ne akwai gurbi huɗu, in kuma rigar ce, sai mako guda bayan Sallah.”