Yadda ake amsa tambayoyin gyaran sakin layi a jarrabawar SAT

Ɗalibin da ya ci Turancin JAMB da WAEC yakan tunkari SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, da ƙarfin gwiwa, sai ya ci karo da tambayar da nahawu kaɗai ba ya fitar da shi. Ga sakin layi, kowace jimla lafiya lau take in ka cire ta ita kaɗai, amma an ce ka gyara. Abin da ake aunawa shi ne ko kana bin zaren zance.

Daga 2005 zuwa farkon 2016, gyaran sakin layi rukuni ne mai zaman kansa a SAT, tambayoyi 6. Tun 2023 kuwa, a nan Najeriya a kwamfuta ake rubuta jarrabawar: karatu da rubutu tambayoyi 54 cikin minti 64, an raba gida biyu, kowace tambaya da ɗan guntun rubutunta mai kalma 25 zuwa 150. Don haka in ka tsinci tsohon littafi a Sabon Gari, duba shekararsa. Zai yi maka amfani wajen atisaye, amma tsarinsa ya wuce.

Da farko karanta tambayar kafin rubutun, don ka san me ake nema: kalmar haɗi ce, ko jimlar da za ta cika wata manufa. Sannan karanta rubutun gaba ɗaya, ka faɗa wa kanka da Hausa, a jimla ɗaya, abin da yake magana a kai. In ka kasa, ba ka fahimta ba tukuna, sake karantawa.

Kalmar haɗi ita ce ta fi kayar da yaranmu, don haka bari mu daɗe a kanta. Ka ce rubutun ya ce marinar Ƙofar Mata ta yi ɗaruruwan shekaru ana rini da baba a cikinta. Sai gurbi. Sai jimla ta biyu ta ce yadin kanti mai araha ya rage wa marina ciniki. Rufe zaɓin nan huɗu da hannunka, kada ka leƙa. Tambayi kanka: jimla ta biyu goyon bayan ta farko ta yi, ko juya mata baya? Juya baya ta yi. To, "amma" kake nema, sai ka buɗe ka ɗauki however ko nevertheless. Da jimla ta biyu cewa ta yi baƙi na zuwa daga nesa don ganin karofin, sakamako ke nan, therefore ko as a result. Da kuwa ta kawo wani zane ɗaya ne da aka rina a wurin, misali ne. Wanda ya fara duba zaɓi kafin ya yanke hukunci, duk huɗun za su yi masa daɗin ji a kunne, kuma da gangan aka shirya su haka. Wata dabara: in zaɓi biyu aikinsu ɗaya, kamar moreover da furthermore, yawanci duka ba su ba ne.

Nau'i na biyu, za a jero maka bayanan da wai wani ɗalibi ya tattara, a ce yana son, misali, ya nuna bambancin abu biyu. Manufar nan ita ce komai. Zaɓi uku za su faɗi gaskiya tsantsa daga bayanan, amma ɗaya ne kawai ya kwatanta abubuwan biyu. Gaskiyar jimla ba ta isa ta ba ta wuri ba. Haka abin yake a ACT, wata jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, inda har yanzu akan tambaye ka ko a cire wata jimla: in ana maganar yadda ake haɗa baba da toka, jimlar kuɗin A Daidaita Sahu zuwa Ƙofar Mata ba ta da gurbi, ko da farashin daidai ne.

Sai halin da muka taso da shi tun muhawarar sakandare, na ganin mai kaurin Turanci shi ne gwani. A ACT da tsohon tsarin SAT zai cuce ka. In zaɓi biyu ma'anarsu ɗaya kuma nahawunsu daidai, gajeren ya fi kusa da amsa.

Ka zaɓa? Mayar da shi cikin gurbin, karanta daga jimlar da ta gabace shi zuwa wadda ta biyo baya. In ka ji tuntuɓe, koma.

Kowace tambaya tana da kusan daƙiƙa 70. Wadda ta cije, sa mata alama ka wuce, ka dawo kafin lokacin wannan kashin ya ƙare, don in an shiga kashi na biyu ba komawa. Ba a rage maki a kan kuskure, saboda haka kada ka bar gurbi. Atisayen kuma ka yi shi a manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya SAT, kyauta ne, kuma ita ce za ka tarar ranar jarrabawa. Sai dai ka cika cajin kwamfutarka kafin ka zauna, kada a ɗauke wuta kana tsakiyar kashi na biyu.