Yadda Ake Shirya Tafiyar Mota Daga Kano Zuwa Legas

Tsakanin Kano da Legas ta hanyar Abuja da Lokoja akwai kilomita sama da 1,100. Direbobin haya kan cinye ta a tashi ɗaya, amma mai tuƙa motarsa, musamman da iyali a ciki, ya raba ta kwana biyu. Abin da za ka fara tsayarwa shi ne garin da za ka kwana da ƙarfe nawa za ka shige shi. Ka shiga masauki kafin magariba, domin yawancin hanyar ba fitila, ga ramuka, ga tirelar da ta mutu a tsakiyar titi ba wata alama sai ganyen da aka zuba, ga kuma matsalar tsaro.

Lokoja ce ta fi dacewa da kwana. Daga Kano zuwa Kaduna ta Zariya kimanin kilomita 230 ne, daga Kaduna zuwa Zuba ƙasa da 200. Ba sai ka shiga cikin Abuja ba: daga Zuba ka miƙe Gwagwalada, Abaji, Koton Karfe, ka haye gadar Murtala a kan Kogin Kwara, sai Lokoja. Wanda ya bar Kano bayan sallar asuba zai iya isa da la'asar. Amma idan ƙarfe uku na rana ta same ka ba ka wuce Gwagwalada ba, kwana a nan, kada ka yi gardama da agogo. Rana ta biyu ka bi Okene, Owo, Akure, Ilesha, Ife, Ibadan, sannan babban titin Legas mai kimanin kilomita 130. Akwai kuma hanyar Minna, Bida, Mokwa, Jebba da Ilori, wadda manyan motoci suka fi bi. Kafin ka zaɓi ɗaya, je tasha ka tambayi direban da ya dawo jiya, don manhajar taswira a waya ba ta san inda kwalbati ya karye ko inda aka tare hanya ba. Da damina, musamman Satumba da Oktoba, tambayi halin Koton Karfe: ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse titin, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Kai motar wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba. Gyara kan bar baya da ƙura, ko noti bai ɗauru ba ko tiyo yana ɗiga, kuma gara abin ya bayyana a cikin gari da a dajin Abaji. A canza baƙin mai da filta, a duba man birki, man giya, fambel, batir, waifa da duk fitilu. Lagireto a cika shi da ruwansa na musamman, a kuma tabbatar fankarsa tana tashi da kanta. Mota mai mataccen fanka ba ta nuna komai a guje, sai an shiga cunkoso alurar zafin inji ta haura. Idan hakan ta faru, sauka gefe, kashe inji, jira kamar minti 30. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa zai feso maka a fuska, kuma sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai zafi na iya fasa kansa.

Taya ita ce inda aka fi yin sakaci. A gefen kowace akwai lambobi huɗu: 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta haura shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta yana nan, domin robar ta bushe. Tokumbo mai kumburi a gefe kuwa a cire ta kawai. Iska a auna da safe taya na sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya saba bugawa kowa ba. Iskar da ta yi kaɗan tana sa taya ta yi zafi ta fashe, ballantana an labta wa but buhunan tsaraba. Safaya ma a auna ta, a gwada jak da sifana a gida a ga suna aiki.

Takardu su kasance na asali kuma ba su ƙare ba: lasisin tuƙi, lasisin mota, inshora, shaidar lafiyar mota, shaidar mallaka, da izinin baƙin gilashi ga mai shi. Ka haɗa da tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, su ake fara tambaya. Shingaye suna da yawa, na 'yan sanda, soja, kwastan da 'yan kiyaye haɗura, kuma kowanne yana cin mintuna. Rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, gaisa, miƙa abin da aka nema kaɗai.

Lissafin mai ba wuya. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 110 zuwa 120, ƙara kaɗan saboda na'urar sanyi da cunkoso. Tankin ƙaramar mota bai wuce lita 50 zuwa 60 ba, wato sai ka sha mai sau biyu ko uku a hanya. Cika a Kano, ƙara a Kaduna ko Gwagwalada, cika a Lokoja da yamma don kada ka nemi gidan mai da asuba, sannan Akure ko Ibadan. Alura ta kai rabi, fara neman babban gidan mai. Na 'yan bumburutu kan zo da ruwa ko datti ya toshe famfon mai. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda POS da taransifa sukan ƙi a inda sabis ba ƙarfi.

Tsaya duk bayan awa biyu zuwa uku, ka haɗa buƙatu a tsayuwa ɗaya: mai, bayan gida, abinci, salla. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, wannan yana rage yawan tsayawa. Direba ya guji cika ciki da sakwara ko tuwo da rana, barci ke biyo baya, kuma goro ko shayi ba sa maganin barcin da ya riga ya zo. Idan ido ya fara lumshewa, miƙa wa direba na biyu ko ka kwanta minti 20 a gidan mai mai jama'a. Kada ka tsaya a daji don wani ya ɗaga maka hannu ko ya nuna tayarka. A Tafa da Mararrabar Jos tankoki kan cinye rabin titi, a shiga a hankali. Gangaren yankin Okene kuma a sauko da ƙaramar giya, domin taka birki ba ɗagawa yana sa ya yi zafi ya daina kamawa. Iyakar gudu ga motar gida kilomita 100 ce a awa a tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari.

Shiga Legas ma sai da dabara. Daga gadar Kara zuwa Berger cunkoso kan yi tsanani da yamma, haka ma ranakun manyan tarukan majami'un da ke bakin titin, irin na Juma'ar farko ta wata. Bar Lokoja da sassafe don ka wuce nan da rana tsaka ko la'asar sakaliya. A cikin gari kada ka hau layin bas na BRT, kada kuma ka bi hannun da aka hana ko da ka ga wasu na bi, jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas, kama mota suke yi. Ajiye 122 ta kiyaye haɗura da 112 ta gaggawa a wayarka, ka kuma sanar da wani a gida hanyar da ka bi, ka kira shi a Kaduna, a Lokoja, da Ibadan.