Kafin ka hau keke a ƙasar da ka sauka

Wanda ya sauka a Holan, ko Denmak, ko wani birni na Jamus, ba zai yi mako guda ba sai an ce masa ya nemi keke. Shawara ce mai kyau, ka karɓa. Kuɗin bas da na jirgin ƙasa suna cinye albashi a hankali, mota kuwa ga lasisi, ga inshora, ga kuɗin wurin ajiyewa, kuma a tsakiyar gari sau da yawa mai keke ne ke riga mai mota isa. Idan a ranka kana ganin keke abin hawan wanda bai samu ba ne, ka bar wannan tunanin a filin jirgi. A Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma Mark Rutte, wanda ya riƙe firaminista daga 2010 zuwa 2024, an sha ganinsa a kan keke zai tafi ofis.

Sai dai iya murza feda daban, iya shiga titin mutanen nan daban. Doka a nan tana ɗaukar keke abin hawa ne kamar mota, yana da hanyarsa, yana da laifuffukansa, yana da tararsa. Kowa kuma gudu yake da tabbacin cewa na gabansa zai yi abin da aka saba. Baƙon da ya tsaya cak a tsakiyar hanya don ya duba taswira a waya, shi ne ke haɗa mutum biyar a bayansa.

Fara da birki, tun kafin ka fita titi. Kekuna da yawa a Holan ba su da birkin hannu, feda ake mayarwa baya keken ya tsaya. Wanda bai sani ba zai yi ta laluben abin matsewa a hannu har ya kai ga bango. A Birtaniya birkin hannun dama shi ke riƙe tayar gaba, amma a yawancin ƙasashen Turai da Amurka na hagu ne. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin idan ka damƙe birkin gaba da ƙarfi kana cikin gudu, keken zai tsaya, kai kuwa ka wuce ta kansa. Ka samu fili ko lungu mara mota ka gwada har hannunka ya saba.

Sai hannun da ake bi. Birtaniya da Ayalan da Japan da Ostareliya hagu suke bi, yawancin sauran Turai da Amurka dama. A miƙaƙƙen titi ba a cika mantawa ba, a kwana da shataletale ne ido ke duba inda ya saba. A Holan hanyar keke galibi ja ce. Idan ka ga jerin fararen alamu masu kusurwa uku a ƙasa, tsininsu na kallonka, kai ne za ka dakata a wuce. Inda babu alama ko danja, wanda ya fito daga damarka shi ke da hanya. A Jamus allo mai shuɗi zagayayye da hoton keke yana nufin dole ka bi wannan hanyar, kuma babba ba ya hawa gefen masu tafiya a ƙasa sai inda allo ya yarda. Yara 'yan ƙasa da shekara 8 ne doka ta ce su bi nan. Tsallake jar danja a kan keke a Jamus yana jawo tara, har a rubuta maka maki a rajistar laifin direbobi. A Holan tun watan Yulin 2019 laifi ne ka riƙe waya a hannu kana tuƙi. A Kopenhagen kuma ana ɗaga hannu sama kafin a tsaya, kuma ba a yanke babbar mahaɗa a karya hagu kai tsaye: ka tsallaka ka tsaya a kusurwar can, ka juya keken, ka jira danja ta ba ka hannu. Fitila fara a gaba, ja a baya, wannan kusan ko'ina ne, kuma da sanyi ya shigo kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi.

Za ka lura mutanen Holan ba sa wasa da jar hanyar nan, ka taka ta da ƙafa ka ji ƙararrawa da harara. Suna da dalili. A 1971 sama da mutum 3,000 ne suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, cikinsu yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara, daga nan hukumomi suka fara ware wa keke hanyarsa. Da gwagwarmaya aka same ta.

A ganina abu uku ne ya kamata ka ji tsoro fiye da ɗan sanda. Na farko babbar mota. Direban tirela ko bas yana zaune can sama, akwai wurin da ke gefensa wanda madubi ba ya nuna masa sosai, kuma daidai nan mai keke ke son ratsawa idan an tsaya a danja. Motar za ta ɗan buɗe kamar ta ba ka fili, alhali shirin shan kwana take, tayoyin baya su share inda kake tsaye. Kada ka shiga tsakanin babbar mota da bakin titi. Tsaya a bayanta, minti guda ne. Na biyu ƙofar motar da ke ajiye, wadda ake buɗewa ba zato. Ka bar tazarar kamar mita ɗaya tsakaninka da jerin motoci ko da na bayanka zai yi ta ƙorafi. Na uku layin dogon jiragen cikin gari, irin na Amsterdam da Balin. Ramin ƙarfen daidai faɗin tayar keke yake, idan ka bi shi a tsaye zai kama tayar ya kayar da kai. Ka tsallake shi a gicciye, musamman in an yi ruwa.

Wajen saye, keken gwanjo ya ishe ka, kuma wanda bai cika kyau ba ya fi daɗewa a hannunka. Amma ka saya a shago ko wurin wanda zai ba ka rasit. Idan wani ya tare ka a titi da keke mai kyau a kan kuɗin da bai kai na kwaɗo ba, na sata ne, kuma sayensa laifi ne da zai iya shiga takardunka, abin da baƙo mai neman izinin zama ba ya buƙata. Kifa keken ka duba ƙarƙashin inda fedoji suka haɗu, a nan galibi lambar jikinsa take. Ɗauki hotonta ka ajiye. A Faransa tun 2021 duk sabon keken da shago ya sayar sai da lambar shaida, a Japan kuma yi wa keke rajista dole ne. Kwaɗo kada ka yi masa rowa. Ka ɗaure ƙarfen jikin keken da wani abu da ke kafe a ƙasa, domin wanda ya ɗaure tayar gaba kawai, tayar zai dawo ya tarar. Ka kuma kula da inda aka hana ajiyewa, musamman bakin tasha, don ma'aikatan hukuma na yanke kwaɗo su kwashe, sai ka biya kafin ka karɓo. Tashar Utrecht tana da wurin ajiya mai ɗaukar keke 12,500, kuma mutane kan ɗauki hoton lambar layin da suka ajiye, in ba haka ba nema ya same su.

Masu niyyar aikin kai abinci, ku yi hattara da keken lantarki. A Tarayyar Turai injin kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. A Birtaniya mil 15.5 ne. Wanda aka yi wa dabara ya wuce haka, a idon doka babur ne, yana buƙatar lamba da inshora, kuma 'yan sanda na ƙwacewa. Batir mai arha da cajar da ba tasa ba sun sha tayar da gobara a gidajen Landan. Kada ka bar shi a caji ka kwanta, kada kuma ka ajiye shi a bakin ƙofar da za ka fita ta cikinta.

'Yar'uwa, doguwar riga ba ta hana hawa. Ki nemi keke mara sandar tsakiya, mai rufaffiyar sarƙa da marfi a gefen tayar baya, irin wanda ya cika Holan. Idan ba ki taɓa koyo ba, babu abin kunya: ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi da dama a Holan da Jamus da Birtaniya suna koyar da manya, wasu azuzuwan na mata ne zalla, kuma a Landan akwai Cycle Sisters, ƙungiyar mata Musulmi masu hawan keke.

Idan tafiya ta kama ka zuwa wani gari, ba lallai ka ja kekenka ba, akwai kekunan haya. Faris na da Vélib' tun 2007, Landan na da Santander Cycles, tashoshin jirgin Holan na da OV-fiets. In kuma da naka za ka, a jiragen ƙasa masu dogon zango na Jamus sai ka saya masa tikiti ka kama masa wuri tun da wuri, amma keken da ake naɗewa kaya ne kamar jaka. Hular kwano ba dole ba ce ga babba a Holan ko Jamus ko Birtaniya, a Ostareliya da New Zealand kuwa doka ce. Ni dai ko inda ba a tilasta ba ina ganin sabon zuwa ya sa ta, aƙalla har ya gane ta ina motoci ke fitowa.