Yadda ake gane rufi (kuɗin Indiya) na azurfa na Nizam ɗin Haidarabad

Haidarabad tana cikin manyan masarautun Indiya a zamanin Turawan mulki, ana kiran sarkinta Nizam, kuma ta riƙa buga kuɗinta na kanta; a 1948 aka haɗe ta da Indiya. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuyar karanta tsabarta ba, domin rubutun da haruffan Larabci yake, ko da yake harshen Farisanci ne.

Da farko ka duba fuskar da ke da gini mai hasumiya huɗu. Wannan shi ne Caminar, wanda aka gina a 1591. A cikin ƙofarsa akwai harafi guda, kuma shi ne zai gaya maka sarkin. Idan mim ne, kuɗin Mir Mahbub Ali Khan ne, wanda ya rasu a 1911. Idan ain ne, na ɗansa Mir Usman Ali Khan ne. A sama za ka ga lamba 92. Kada ka ɗauka shekara ce, lissafin sunan Muhammad ne a hisabi.

Na biyu, karanta shekarar Hijira a gindin ginin, sannan ka juya ka nemi shekarar sarauta, wadda suke kira julus. Nan ne aikin yake. Mahbub ya hau gado a 1285, Usman a 1329, don haka idan ka cire shekarar hawa daga shekarar bugu, abin da ya rage ya kamata ya yi kusa da julus ɗin, bambancin bai wuce shekara ɗaya ba. Mai yin jabu sau da yawa ba ya damuwa da wannan, sai ka ga lambobin biyu sun ƙi jituwa.

Na uku, sikeli. Na gaske yana kai wajen giram 11.2, ya ɗan gaza rufi na Turawa. Ka kuma gwada maganaɗisu: azurfa ba ta kamawa. Amma tagulla ma ba ta kamawa, saboda haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba.

Kada ka goge shi da toka ko lemun tsami, ko da ya yi baƙi ƙirin. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son dushewarsa ta asali, kuma gogewa na karya masa farashi. Ka riƙe shi ta gefe, ka ajiye a busasshen wuri.